Ƙarfen da Ya Je Kano Ba da Shaida

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ko na Inna ba. Idan Inna tana son in miƙo mata muciya, sai ta ce "ke" tana kallon tukunya. Baba kuwa ko "ke" ɗin ba ya faɗa, gyaran murya yake yi, ni kuma in gane. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka kowa ya tarar. Amma yaro ba ya sanin haka sai ya girma. Abin da na sani a lokacin shi ne ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni kuwa ina bakin ƙofa ina kallo. Da kallon na saba. Na san kwanon da ya lotsa a gefe, na san kazar da ke ɗingishi, na san takun kowa a gidan.

Gidanmu yana Kankiya, bakin hanyar Kano zuwa Katsina, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa. Baba tsohon direba ne. Ya bar doguwar tafiya ne da wani kamfanin motoci na Kano ya naɗa shi wakilinsa a garinmu. Suka kafa masa shuɗin allo na ƙarfe a saman kanti, yana sayar da taya da man inji da fulogi. Kantin yana jikin katangarmu. Idan ina shara a tsakar gida ina jin muryarsa yana ciniki, yana dariya da direbobi. Ba da ni yake magana ba, amma muryar tana tsallako katanga ta same ni, kuma ta ishe ni.

A hannun kamfanin nan ya sayi sabuwar babbar mota, koriya, bayan ya sayar da gonar gadonsa ta Kusada. Da kaka yakan fita da sassafe ya kwaso gyaɗa daga Kusada ko Kunduru ko Kafin Soli, kafin la'asar ya dawo ya buɗe kanti. A wata na huɗu, a gangaren wani rafi kusa da Kusada, aksul ya karye, wato sandar ƙarfen da ke juya ƙafar baya. Shanu suka jawo motar har ƙofar gida, aka ɗora ta a kan duwatsu.

Akwai takardar alƙawari da kamfanin ya ba shi: in ƙarfe ya karye don kansa kafin wata shida, su za su gyara. Sau uku Baba yana zuwa Kano da takardar cikin aljihun rigarsa. Suka ce lodi ya yi wa motar fiye da ƙima, laifinsa ne. Ranar da ya dawo na ukun, na ji shi a ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, yana cewa idan motar ba ta tashi kafin kaka mai zuwa ba, kanti kaɗai ba zai riƙe gida ba, zai tafi Nguru ya yi wa wani attajiri tuƙi. Na san masu zuwa Nguru. Daga salla sai salla ake ganinsu. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallon katanga, ina tunanin yadda za ta kasance in babu murya a bayanta.

Direbobi ne suka ba shi labarin Lauyan Motoci. Haka suke kiransa, ban taɓa jin wani suna ba. Mutumin bakin teku ne da ya daɗe a Kano. An ce ba ya karɓar shari'ar gado ko ta fili, sai ta mota: mai mota da kamfani, wakili da kamfani, direba da mai kaya. An ce manyan kamfanonin ba sa amsa gaisuwarsa. An kuma ce duk da haka bai iya tuƙi ba, bai taɓa mallakar ko keke ba.

Ya zo da bazara, a gaban wata motar ɗaukar fata, da jakar hannu da ta ƙoƙe a kusurwa. Dogo ne siriri, da tabarau. Abin da na fara gani shi ne hannun farar rigarsa: bakinsa duk tabon baƙin mai wanda wanki ya kasa fitarwa. Kafin ya shiga zaure sai da ya cire kwat ya ninke, ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar. Ya daɗe a ciki. Kaka tana leƙe ta ƙofar gida ta ce, "To, ga wanda za ya ƙwato maka haƙƙi can, kwance cikin kashin kaji."

Baba ya shirya masa yadda ake shirya wa alƙali. Ya tara shaidu goma a zaure: 'yan dakon da suka yi lodi, mai awon gyaɗa na Kusada, wani dattijo malami da ya ga tashin motar, da maƙwabta. Kowa ya sa rigarsa ta Juma'a. Ni aka ba ruwa da fura in kai. Da na ajiye ban koma ciki ba, na maƙale a lungun da ke bayan ƙofar zaure.

Ɗaya bayan ɗaya suka yi bayani, kowa yana cewa a shirye yake ya dafa Alƙur'ani lodi bai wuce ƙima ba. Lauya yana rubutawa, yana cewa "to, to." Hausarsa irin ta Sabon Gari ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Da suka gama sai ya rufe littafin.

"Maigida, na gode. Yanzu kawo ƙarfen."

"Wane ƙarfe?" in ji Baba.

"Wanda ya karye."

Wani cikin 'yan dako ya yi dariya. Baba ya ce, "Ai wannan ya daɗe da zama fartanya. Maƙerin Kusada ne ya ba ni shanun da suka jawo motar, ya ƙi karɓar komi. Ka ga kuwa ba na barin shi haka nan. Ƙarfen mota ba abin da maƙeri ke so kamar shi."

Lauya ya cire tabarau ya ajiye a kan gwiwa. Ya daɗe yana murza idanunsa.

"Duka?"

"Kwanaki na aika a tambaya ko da saura, don wata buƙata tawa. Shi ya tafi cin rani, ƙanensa ya ce ba sauran komi."

"Maigida, kotun da za mu je ba ta alƙali ba ce. Kamfani zai kawo injiniya Bature ya ce lodi ne. Ni zan kawo mutum goma, duk abokanka. Joji, alƙalin kotun Turawa, zai saurare su, ya gode musu, ya bi injiniya. Amma da ina da bakin ƙarfen, wurin da ya karye, shi zai faɗi ko nauyi ne ya karya shi, ko da ciwonsa ya fito daga maƙera."

Dattijo malamin ya gyara zama. "Wato mu goma, da furfurarmu, guntun ƙarfe ya fi mu gaskiya?"

"Malam, ba ni na ce ba. Su ne ba su san ka ba."

"To Allah ya san mu."

"Ya sani. Shi ma joji da zai tambaye Shi, da na huta."

Ba wanda ya yi dariya. Lauya ya ce zai kwana, gobe bayan azahar ya bi motar Kano. Zai shigar da ƙara in Baba yana so, amma ba zai yi masa ƙarya ba, hannunsa babu komi. Ya ƙara da cewa ko an ci ko ba a ci ba, kamfani ba ya barin allonsa a kan kantin wanda ya kai shi kotu.

Ina maƙale a lungu, na kasa barin wurin. Domin ni na san inda rabin ƙarfen yake.

Lokacin da aka zaro shi daga motar, ya kwana biyu a jingine a zaure kafin a kai Kusada, guntu biyu, dogo da gajere. Ni nake share zauren. Gajeren yana da ɗigon fenti rawaya a gindi. Bakinsa kuma na tsaya na kalla sosai, domin ya ba ni mamaki: gefe yana walƙiya fari tas kamar sabon kwano, amma can tsakiya akwai baƙin tabo mai ɗan rami, kamar goron da ka fasa ka tarar da sankara a ciki. Bayan 'yan makonni, wani malaminmu da ke zuwa daga Kusada a kan keke ya kawo guntun ƙarfe, aka rataye shi da waya a reshen tsamiyar makarantarmu ta elemantare, ya maye gurbin tsohuwar ƙararrawa da ta tsage. Ranar farko na ga ɗigon rawaya. Ban faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ni, kuma ban san abin faɗa ba ne. Mu huɗu ne mata a ajinmu, sauran ukun 'yan unguwa ɗaya ne, tare suke zuwa tare suke komawa. Ni a gindin tsamiyar nake cin ƙosaina. Kullum ƙarfen yana lilo a saman kaina.

Da yamma na gwada Inna. Tana tankaɗe, na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, ƙarfen da baƙon ke nema..."

"Ke, wa ya aike ki sauraren maganar maza?" Ba ta ɗago ba. "Ɗauko mani faifai."

Na gwada Kaka. Ita kaɗai ke wasa da ni, kishiya take ce mini. Amma kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, ni kuwa muryata ba ta ɗaguwa.

"Mi kike cewa, kishiya? Ƙararrawa? Ke dai da bokon nan naki. Ubanki na cikin damuwa, ke kina zancen ƙararrawa. Zo ki cire mani ƙaya."

Da safe na tarar da Baba a bakin rijiya yana wanke fuska. Na durƙusa na gaishe shi. Na ci gaba da durƙuso bayan gaisuwar ta ƙare, abin da ban taɓa yi ba. Ina neman ta inda zan fara. Ya dubi gefe, wajen rumbu, ya yi gyaran murya. Ma'anarta a tashi a tafi makaranta. Na tashi na tafi.

Har aka tashi tara ban ji abin da malam ya koyar ba. Da aka fita, na tsaya ƙarƙashin tsamiya na ɗaga kai. Ana dukan ƙarfen a tsakiya ne, don haka bakin yana nan yadda na san shi, sai ɗan jan tsatsa da ya hau farin. Baƙin tabon yana kallona. Na koma aji babu kowa, na yage takarda daga tsakiyar littafin rubutuna, laifin da ake yi wa bulala uku. Na rubuta: "Rabin ƙarfen yana makaranta. Shi ne ƙararrawa." Na ga kamar lauyan ba zai yarda ba, sai na zana bakin ƙarfen a ƙasa, da'ira, na cika tsakiyarta da baƙi. Ban sa suna ba. Yarinya ba ta rubuta wa baƙon namiji takarda. Da an sani, ban san abin da za a ce da ni a unguwa ba, ko da Baba.

Da rana aka ba ni abincinsa in kai. Shi kaɗai yake ci, a kwanonsa daban, a kusurwar zaure, Baba da mutanensa suna kewaye da nasu a waje ƙarƙashin rumfa. Na lura jiya ma haka aka yi, kuma bai nuna ya damu ba, kamar wanda ya saba. Na sa takardar a tsakanin faifai da murfin kwano. Na ajiye masa. Na koma lunguna.

Na ji ƙarar faifai. Na yi ta jira har na ɗauka takardar ta faɗi bai gani ba. Can sai na ji ya ci abincinsa a hankali, ya wanke hannu, ya fita wajen rumfa.

"Maigida, kafin mota ta zo, ina son in ga makarantar garin nan. Duk garin da na je ina duba makaranta."

Baba ya raka shi, don ba a barin baƙo ya tafi shi kaɗai. Na bi su daga nesa, tulu a kaina kamar mai zuwa ɗiban ruwa. An riga an tashi, sai hedimasta a barandar ofis. Lauya ya gaishe shi, ya yaba shara, ya yi ta zagaye kamar mai shan iska, har ya iso gindin tsamiya. Ya tsaya. Ya ciro wani ɗan gilashi mai hannu daga aljihu ya kara a bakin ƙarfen. Sannan ya kira Baba ya miƙa masa gilashin.

Baba ya duba, ya ja da baya, ya ce, "La ilaha illallahu. Nawa ne."

"Ka ga baƙin nan? Da shi aka sayar maka."

Hedimasta ya sauko yana gyara hula. "Ranka ya daɗe, in ka tafi da shi, da mi zan tara yara? Da tafi?"

"Aro zan yi, Malam. Zai je Kano ya yi magana ya dawo."

"To a gaya mashi kar ya saba da birni."

Baba ya yi alƙawarin kawo tsohon ƙarfen taya daga kanti. Lauya ya kwance wayar da kansa, ya naɗe bakin ƙarfen da farin hankicinsa, ya ɗaure, ya rungume shi kamar jariri har tasha. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya, ko da yake na tabbata ya gan ni da tuluna babu ruwa.

Da na je ɗauko kwanonsa a zaure, na ɗaga faifai, sai ga fensir a wurin da na sa takardar. Sabo ne, rabi ja rabi shuɗi, irin wanda nake gani a hannun hedimasta kaɗai. Takardar kuwa babu ita. Na soke fensirin a cikin zanina, daga baya na ɓoye shi a cikin jinkar ɗakin Kaka. Ban taɓa fere shi ba. In na fito da shi za a tambaye ni inda na samu.

Shari'ar ta ci damina guda. Baba yana zuwa Kano yana dawowa, wani lokaci da fara'a, wani lokaci ko abinci ba ya ci. Ciyawa ta fito ƙarƙashin motar. Kazar nan mai ɗingishi ta yi ƙwai a kujerar direba, ta ƙyanƙyashe bakwai. A makaranta ana buga ƙarfen taya, muryarsa a dushe, yara suna cewa kamar tarin tsoho. A cikin shaidu goma, biyu kaɗai aka kira Kano, kuma dattijo malamin ba ya ciki. Bai sake zama a zaurenmu ba sai bayan shekara.

Gab da fara cirar gyaɗa aka yanke hukunci, Baba ya yi nasara. Kamfani ya aiko makanikai biyu da sabon aksul, suka tayar da motar a yini ɗaya. Da za su koma suka nemi tsani. Ina tsakar gida na ji ƙarar cire ƙusoshi, ɗaya bayan ɗaya, guda shida. Suka sa shuɗin allon a bayan motarsu suka tafi. Wurin da ya zauna a bango ya fi sauran haske, ya daɗe a haka.

Baba bai je Nguru ba. Amma babu wakilci babu kaya, kanti ya mutu, ya koma ɗakin ajiyar buhuna. Mota ce kaɗai ta rage, ita kuwa ba ta ciyar da gida da zirga-zirgar Kusada. Ya shiga doguwar hanya da motarsa, yana kwana biyar a waje. Ran Alhamis da yamma yake dawowa, ya yi Juma'a a gida, Asabar da asuba ya tayar da inji. Nakan gaya wa kaina yini ɗaya a mako ya fi salla zuwa salla, kuma gaskiya ne. Sauran kwanakin ina shara, bayan katanga babu kowa sai awaki.

Ƙarfen ya dawo, kamar yadda aka yi alƙawari. Wani direba ya kawo shi makaranta da 'yar takardar kotu ɗaure a wuyansa da jan zare. Hedimasta ya ce a bar wa ƙarfen takardarsa, ai ya yi ilimi. Ruwan sama ne ya cinye ta.

Sau ɗaya na sake ganin Lauyan Motoci. Na girma, ina hanyar komawa makarantar horon malamai, motarmu ta tsaya shan ruwa a wata tasha. Yana zaune a gaban wata motar da ta nufi yamma, kansa ya yi fari, tabarau ɗin sun ƙara kauri. A cinyarsa akwai wani abu mai nauyi naɗe da farin ƙyalle. Direbobi suna ta zuwa gaishe shi ta taga, kowa da takardarsa a hannu. Da suka watse sai ya buɗe ɗan ƙunshin abinci yana ci shi kaɗai. Tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Na shirya abin da zan ce har sau uku a raina. Direbanmu ya yi ham, na hau.

Baba ya daɗe yana ba da labarin shari'ar nan. Duk Juma'a bayan masallaci, in zaure ya cika, wani sai ya tsokano shi. Da shekaru suka tafi labarin ya samu ƙari. Ya zama cewa lauyan yana cikin cin tuwo ya jiyo an buga ƙararrawa daga nesa, ya ajiye loma, ya ce wannan muryar aksul ce. Ba wanda ya taɓa tuna cewa an riga an tashi daga makaranta a lokacin.

"Mutumin nan," in ji Baba, "kunnensa kaɗai ya isa shari'a."

Wata Juma'a ina shigowa da kwanon fura daidai wurin nan na labarin. Na durƙusa a bakin ƙofa ina jira ya kai aya. Muryarsa ta cika zauren, har da kwaikwayon Hausar lauyan, mutane suna ta dariya. Na ji daɗin jinta kusa haka. Da ya lura da ni sai ya dubi gefe, ya nuna tabarma da haɓa, ya yi gyaran murya. Na ajiye kwanon a inda ya nuna, na ɗauke faifan, na koma ciki.